Bajon hular hafsan jirgin ruwa daga adakar kakanmu: na wace runduna ne, kuma na wane zamani?

Ɗan Ƙofar Durɓi, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana tarihi da tsofaffin sojoji a kan wani bajo da ya fito daga adakar kakanmu, Allah ya jiƙansa, lokacin da ake rabon kayansa. Abin da muka sani tabbas shi ne ya yi aikin soja a zamanin Turawa kuma ya je yaƙin Bama, domin lambarsa ta tauraro tana nan tare da takardar sallamarsa. Amma wannan bajon bai yi kama da na sojan ƙasa ba ko kaɗan, shi ya sa gardama ta tashi a gida, wasu na cewa ashe ya taɓa aiki a jirgin ruwa, wasu na cewa sayensa ya yi a Ikko a kan hanyar dawowa.

Ga siffarsa. Faɗinsa bai cika tafin hannun babban mutum ba, kuma an yi aikinsa ne a kan baƙin ƙyallen ulu mai kauri wanda asu ya ɗan taɓa ta gefe guda. A tsakiya akwai anga, wato ƙugiyar da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, ta farin ƙarfe, igiya ta nannaɗe ta, kuma ta yi baƙi ƙwarai in ban da wuraren da hannu ya goge. Dogayen ganyaye na zaren zinariya sun kewaye ta dama da hagu, zinariyar ta dushe ta koma ruwan ƙasa. A sama akwai kambi, cikinsa jan karammiski ne da ya koɗe, samansa a tashe yake, da ɗan kuros a ƙololuwa. A baya an liƙa wani baƙin abu mai kama da takarda wanda ya fara tsattsagewa. A ƙulle cikin tsumma ɗaya da shi akwai maɓallai biyu na tagulla, su ma masu anga da kambi.

Wani mai sayen tsofaffin kaya da ya ga hotonsa ya ce na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, ya matsa a sayar masa, har yana cewa in aka goge shi da man goge tagulla zai fi daraja. Ba mu da niyyar sayarwa, amma muna so mu san na wace runduna ne, na wane zamani ne, na ainihi ne ko kwaikwayo, kuma ko ya dace a goge shi.

Tsohon sojan ruwa, Daura

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa kakanku, ya sa ya huta. Siffar da ka bayar ta bajon hular hafsan sojan ruwan Ingila ce: anga ta azurfa mai igiya, ganyen lorel na zinariya a gefe biyu, kambi a sama. Tun 1856 hafsoshinsu ke sa wannan tsari a goshin hula, kuma bai canza sosai ba har yau, wanda ya sa mutum ba zai iya sa masa shekara da kallon anga ko ganye kawai ba. Abin da ke canzawa shi ne kambin, domin yana bin mai sarauta.

Kambin zamanin Biktoriya, wadda ta rasu a watan Janairun 1901, bakunansa na sama suna tashi ta gefe sannan su lotsa a tsakiya, ƙarƙashin ɗan dunƙulen da kuros ke kai. Da ɗanta Sarki Edwad na Bakwai ya hau, sai aka koma wani kambi da ake kira na Tudor, ko kambin Sarki, wanda samansa ke tashi a dunƙule kamar ƙubba ba tare da lotsawa ba. Wannan shi aka yi ta sawa a zamanin Joji na Biyar da Joji na Shida, wato ya ratsa yaƙin duniya na farko da na biyu duka. Sarauniya Elizabet ta hau a watan Fabrairun 1952, aka naɗa ta a watan Yunin 1953, kuma daga nan aka koma kambi mai lotsawa a tsakiya, wanda ake kira kambin Sarauniya. Tunda ka ce saman naku a tashe yake, to maganar Biktoriya ta faɗi, kuma wanda ya faɗa muku haka ko bai san abin ba ko yana da wata manufa. Naku yana tsakanin 1901 da farkon shekarun 1950. Na ce farkon shekarun 1950 ban yanke a kan 1952 ba saboda hafsa ba ya jefar da hular da ya saya da kuɗinsa ranar da sarauta ta canza, yakan ci gaba da sa ta har ta tsufa.

Akwai kuma abin lura ga masu saye a yanzu: Sarki Charles na Uku, da ya hau a 2022, ya dawo da kambin Tudor, saboda haka sabon bajo fil zai iya zuwa da kambin Sarki. Siffar kambi ita kaɗai ba ta ƙara zama shaidar tsufa ba.

Ka duba ko akwai haruffa a saman angar. Hafsoshin rundunar ko-ta-kwana na zamanin yaƙin farko suna da RNR ko RNV a nan, kuma na sashen jiragen saman sojan ruwa, wanda aka haɗe da na sojan ƙasa ranar 1 ga Afrilun 1918 aka kafa rundunar sojan sama, mikiya suke sawa a gurbin anga. Idan babu haruffa, kuma ganyen yana da faɗi ya cika gefe biyu, na cikakken hafsa ne. Na ƙananan shugabannin matuƙa anga ce cikin zobe, ko dai ba ganye sam ko da ɗan siririn ganye.

Game da gardamar gidanku, kakanku bai sa wannan bajo a matsayin nasa ba. Rundunar sojan ruwan Nijeriya sai ranar 1 ga Yunin 1956 aka kafa ta, aka ba ta laƙabin ta Sarauniya a 1959, aka cire laƙabin da ƙasa ta zama jamhuriya a 1963, sannan mikiya ta maye gurbin kambi a kan kayanmu. Turawa ne suka shugabance ta har 1964, lokacin da Kwamado J.E.A. Wey ya karɓa, shi kuwa a tsohon Sashen Marin, wato sashen jiragen ruwa na gwamnatin mulkin mallaka, ya fara aiki. A zamanin kambin Sarki, hular hafsan sojan ruwan Ingila a kan Bature take.

Malamin tarihi, Rafindaɗi

Baba na Daura ya yi bayani mai gamsarwa a kan kambi, kuma ba ni da ja a kansa. Inda zan ɗan tsaya shi ne saurin yanke cewa duk anga ta sojan ruwa ce, domin mu nan Katsina da Daura muna bakin iyaka, kuma kayan da ke cikin adakun tsofaffinmu ba daga hannun Ingilishi kaɗai suka fito ba. Sojojin mulkin mallakar Faransa, waɗanda suka zauna a Damagaram da Maraɗi, alamarsu anga ce ta zinariya, suna sa ta a hula da wuyan riga da maɓalli, alhali sojojin ƙasa ne da yawancinsu suka yi aikinsu a tsakiyar hamada. Na sha ganin an nuna maɓallin irin wannan ana cewa na matuƙin jirgi ne. Abin da ya raba su da na Ingila a nan shi ne kambi: kayan Faransa na wancan zamani ba su da kambi, tunda jamhuriya ce. Naka yana da shi, saboda haka wannan ƙofa ta rufu, amma na faɗa ne domin masu irin wannan kaya a gida su sani.

Ƙofar da ba ta rufu ba tukuna ita ce ta jiragen kasuwa. Tun bayan yaƙin farko, da dokar 1919, hafsoshin jiragen kasuwan Birtaniya suna da bajo nasu, kuma daga nesa yana kama da na soja. Bambancin yana wurare uku da ido ke iya gani. Kambinsu ba na sarauta ba ne, an yi shi ne da siffar filafilan jirgi da gindin jirgi a jere. Angarsu ba ta da igiya, kuma a kan jan ƙyalle mai siffar ƙwai take zaune, da zoben igiyar zinariya kewaye. Ganyensu kuwa na bishiyar oak ne, mai tsaga-tsaga a gefe da ƙananan 'ya'ya a tsakani, ba dogon ganye mai santsi ba. Ban da wannan, manyan kamfanoni suna da nasu bajon da tutar kamfani a tsakiya. Wanda ya fi shafar mu shi ne Elder Dempster na Libaful, wanda jiragensa irin su Apapa da Accra da Aureol suka yi ta jigila tsakanin Ingila da Ikko, sai kuma Palm Line da aka kafa a 1949. 'Yan Arewa da suka je Turai kafin jirgin sama ya yawaita ta ruwa suka bi, ciki har da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da jama'arsa a tafiyarsa ta 1921. Haka kuma Sashen Marin na gwamnati, wanda aka haɗe na Kudu da na Arewa a 1914, yana da jirage a kogin Kwara da Binuwai, kuma Hausawa da Nufawa sun yi aiki a cikinsu a Lakwaja da Baro. Saboda haka ƙanena, ka sake duban ganyen da kambin da kyau kafin a rufe magana.

Idan ya tabbata na sojan ruwan Ingila ne, ni a ganina hanyar da ta fi kusa ita ce Bama. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, mai alamar gizo-gizo, ta tafi a 1943, ta 82 kuma, mai alamar masu biyu a gicciye kan gammo, ta bi ta a 1944, kuma dukansu ta jirgin ruwa suka je suka dawo. Mafi yawansu a yankin Arakan suka yi yaƙi, ƙasa ce ta gaɓar teku da rafuka, inda ƙananan jiragen sojan ruwa suka yi ta ɗaukar sojoji da kaya. Sunayen wuraren nan har yau suna kan barikokinmu, Dalet a Kaduna, Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa. Sojan da ya yi makonni a cikin jirgi, ko ya yi wa hafsa hidima, ba abin mamaki ba ne ya dawo da bajo kyauta ko musaya. Ka karanta takardar sallamar nan ka ga bataliyarsa da shekarar da aka sallame shi, domin takardar ta fi bajon iya magana.

Wani ɗan ƙari ga mai sha'awa: na hafsan sojan ruwan Amurka mikiya ce a kan garkuwa da anga biyu a gicciye, kuma a 1941 aka juya kan mikiyar ya koma duban dama ga mai sanye da hular. Wanda kanta ke duban hagu ya riga wannan shekara.

Mai aikin alkyabba, Unguwar Yari

Malamai sun yi maganar tarihi, ni kuma zan yi maganar zare da ƙyalle, tunda aikin zaren zinariya a kan alkyabba da kayan doki shi na gada. Kafin komai, don Allah kada ku goge shi. Kada a sa masa man goge tagulla, kada a sa toka, ko lemun tsami, ko tsamiya, kada ma ruwa ya taɓa shi. Abin da ake kira zaren zinariya a irin wannan aiki siririyar waya ce ta jan ƙarfe ko azurfa da aka yi wa ruwan zinariya, aka naɗe ta ta zama ɗan bututu, ake yanka ta gajeru ana zura zare a ciki ana ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya a kan tudun da aka yi da auduga ko kwali. Ruwan zinariyar nan bai kai kaurin gashi ba. Man gogewa zai cinye shi ya bar jan ƙarfe a fili, ya maƙale a tsakanin wayoyin ya bushe ya yi fari, ya kuma ruɓar da zaren da ke riƙe da su. Baƙin da azurfa ta yi da ruwan ƙasar da zinariya ta koma su ne shaidar shekarunsa, kuma masu sanin abin suna rage kuɗin wanda aka goge, ba ƙarawa suke yi ba. Wanda ya ba ku shawarar gogewa ya ba ku shawarar ɓata kayanku.

Batun kwaikwayo kuwa gaskiya ne yana da yawa. A garin Siyalkot na Fakistan ana yin irin wannan aiki da hannu har yau, don rundunoni da kuma don kasuwa, kuma akwai masu tsufar da sabo da hayaƙi ko ruwan shayi su sayar a matsayin na yaƙi. Ga abin da nake dubawa. Ka samu gilashin mai gyaran agogo ka leƙa ƙarƙashin ganyayen, inda wani ganye ya hau kan wani. A tsohon gaske wurin da iska ba ta shiga yakan rage haskensa, a ga zinariya tana ƙyalli a lungu alhali saman ya dushe. Wanda aka tsufar da gangan launinsa ɗaya ne ko'ina, har cikin lungu, kuma sau da yawa ƙyallen ma ya sha launin. Ka dubi karammiskin kambin ta wannan hanya: inda waya ta rufe shi zai fi ja, inda rana ta same shi ya koɗe.

Sannan ka juya bayansa. Tsagewar baƙar takardar nan da ka ambata alama ce mai kyau, domin haka ake liƙa wa na da takarda ko ƙyalle mai tauri don a rufe ɗinkin. Ta wurin tsagar ka dubi zaren. Idan akwai wani ɗan silin da ya riga ya fita da kansa, ka ɗauke shi ka kai shi nesa da bajon ka sa masa ashana. Auduga tana cin wuta ta bar toka mai laushi, ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi su bar ɗan gawayi mai murmushewa, zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Zaren roba bai shiga irin wannan aiki ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, don haka in ka same shi a cikin bajo mai kambin Sarki, sabo ne. Kada dai ka ja zare daga jikinsa don gwaji. Haka kuma tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita tana da amfani: farin zare ko takardar zamani sukan yi ƙyalli a ƙarƙashinta saboda sinadarin da ake sa musu, na da kuwa ba sa yi.

Ajiyarsa ba wuya. A naɗe shi da farin ƙyallen auduga wankakke, a sa a akwatin da ba danshi, kada a sa a leda domin tana tara gumi da damina, kuma a raba shi da maɓallan saboda koren tsatsar tagulla tana kama ƙyalle. Tunda asu ya riga ya taɓa shi, a riƙa buɗewa ana dubawa.

Ɗan Ƙofar Durɓi, Katsina

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, da Alhaji mai alkyabba, Allah ya saka da alheri. Na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Ganyen dogo ne mai santsi, babu 'ya'ya a tsakani, angar tana da igiya kuma babu haruffa a samanta, kambin kuma na sarauta ne mai ƙananan duwatsu da aka yi da zare ja da kore a gindinsa. A ƙarƙashin ganyayen zinariyar tana ƙyalli kamar yadda Alhaji ya faɗa, kuma silin da na samu a cikin tsumman ya ƙone ya bar toka. Takardar sallamar ta nuna an sallame shi a 1946. A bayan maɓallan duka biyu an rubuta Gieves Ltd, kuma kambinsu irin na bajon ne. Shin wannan rubutu zai ƙara rage tazarar shekarun?

Tsohon sojan ruwa, Daura

Zai rage, ɗana. Gieves telolin hafsoshin sojan ruwa ne da suka yi suna a Fotsmot, babbar tashar jiragen yaƙin Ingila, kuma sunan kamfanin ya sha canzawa. A farkon ƙarnin ana rubuta shi Gieve, Matthews & Seagrove, a shekarun yaƙin farko ya koma Gieves kawai, a 1974 kuma ya haɗe da wani kamfanin ya zama Gieves & Hawkes. Maɓallanku ke nan sun fito bayan wancan canji na zamanin yaƙin farko, kambinsu kuma ya tsayar da su kafin zamanin Elizabet. Sai dai maɓalli shaidar kansa yake bayarwa, ba ta bajo ba, tunda ana iya haɗa kayan mutum biyu a tsumma ɗaya. Abin da ya sa na yarda tafiyarsu ɗaya shi ne kambinsu ya zo daidai, sun fito daga ƙulli ɗaya, kuma mai su ya dawo gida a 1946, shekarar da aka yi ta dawo da sojojinmu daga Bama. Idan aka haɗa waɗannan, ni zan sa bajon tsakanin ƙarshen yaƙin farko da 1946, kuma zuciyata ta fi karkata ga shekarun 1930 zuwa na yaƙin na biyu. A lokacin yaƙin an yi wasu na ƙarfe zalla da aka buga da inji saboda ƙarancin kaya, amma na zare bai daina fita ba, musamman ga hafsan da ya ɗinka kayansa a wurin tela irin wannan.

Na yarda da Malam cewa takardar ta fi bajon daraja, kuma rabuwarsu ce babbar asara. Irin wannan bajo shi kaɗai an yi dubbai, kuɗinsa a kasuwar masu tara kayan soja ba wani mai yawa ba ne, amma bajo da lambar Bama da takardar sallama na mutum ɗaya sananne daga Katsina abu ne da ba a cika samu a haɗe ba. Kada a raba su tsakanin magada, a bar su hannun mutum ɗaya. Ku rubuta sunansa da lambarsa ta soja da bataliyarsa a takarda ku ajiye tare, ku ɗauki hoton gaba da bayan kowane abu, kuma idan akwai tsohuwa ko tsoho a gidan da ya taɓa jin labarin daga bakinsa, ku je ku ɗauki muryarsa tun yanzu. In kuna son wani ya gani da ido, ku kai wa ma'aikatan gidan tarihi da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina su duba muku. Ka kuma turo mana sunan bataliyar da ke jikin takardar, domin da shi Malam zai iya gaya maka ko a runduna ta 81 yake ko ta 82, da kuma wuraren da suka bi a Arakan.